Tasha a Wuri Biyu

Duk wanda ka tambaya a layin masu gyara na kasuwar Azare wane ne Malam Gali, zai fara ce maka kurma ne. Ba kurma ba ne. Sai dai in ka kawo masa injin da ya ƙone kana bayani, ba kai yake kallo ba, injin yake kallo. Ya sunsuna shi, ya juya shi, ya bar ka kana zuba har ka gaji ka yi shiru da kanka. Hajiya Fanna mai abinci, wadda rumfarta ke manne da shagonsa, takan ce shekara ashirin suna maƙwabtaka, amma in aka tara maganar da ya yi mata ba za ta cika kwanon miya ba. Masu acaɓa kuwa Baba Ƙirga suke ce masa, don leɓensa kullum motsi yake yana ƙirga zagayen waya, ko sallama ka yi sai ya cika ɗari zai amsa. Wasu sun ce rowar magana ce, wasu sun ce girman kai ne irin na wanda ba shi da komai.

Amma in injin rijiyar burtsatse ya ƙone a Sakwa, ko na niƙa ya tsaya a Gololo, ba a shawarar inda za a kai shi. Malam Gali ba shi da allo a ƙofar shago, ba shi da takardar shaidar kowace makaranta. Gyaran rediyo ya fara koya yana saurayi a wurin wani dattijo da ake kira Oga Boaz, da rediyo ta daina kawo abinci ya koma naɗin waya. Abin da ya mallaka duka shi ne mutum ya ce wa ɗan'uwansa, "Kai wa Gali." Da wannan kalma uku ya aurar da 'ya'ya huɗu.

Shi kuwa Dakta Najmuddeen ba sai ka tambayi kowa ba, da kansa zai gaya maka. Ya dawo daga Maleshiya da digiri na uku, aka ba shi shugabancin sashen lantarki a kwalejin sana'a da wani attajiri ya gina a bayan gari. Katin aikinsa ba ya barin wuyansa, an gan shi da shi har a zaman makoki. In ya shiga majalisa aka yi maganar ruwan sama, sai ya faɗi yadda ake yin sa a Maleshiya.

Abin da ya zo da shi dai ba ƙaramin abu ba ne, ko maƙiyinsa ya yarda. Keke napep ne mai batir, wanda zai sha caji ba tare da an jona masa waya ba. Za a ajiye wani faranti a ƙasa, a cikinsa akwai naɗin wayar tagulla mai faɗin faifai. A ƙarƙashin keken akwai wani naɗin irinsa. In an saita su biyun a kan mita ɗaya, kamar yadda ake saita rediyo a kan mitar tasha, sai direba ya faka a kan farantin kawai, wuta ta tsallaka ta iska ta shiga batir. Komai ya zana a kwamfuta. Hannun da zai naɗa wayar ne babu.

Malama Priskila, wadda ke riƙe da ɗakin gwaje-gwaje tun kafin Dakta ya tafi karatu, ita ta ce a kira Malam Gali.

"Mai gyaran fanka?" in ji Dakta.

"Shi ya naɗa injin rijiyar cocinmu. Shekara tara ke nan, ko tari bai yi ba."

"To, a kira shi. A dai gaya masa nan ba kasuwa ba ce, abin da aka zana zai bi."

Malam Gali ya bi abin da aka zana. Mako uku yana zuwa da safe, ya naɗa, ya kwance, ya sake naɗawa, har zaren tagullar ya kwanta kamar kitso. Ranar da aka gwada, aka turo keken babu kowa a ciki aka tsayar a kan faranti, tazarar da ke tsakanin naɗin sama da na ƙasa ɗani guda, wato buɗin hannu daga babban yatsa zuwa na tsakiya. Aka kunna. Allurar agogon awo ta tashi ta tsaya a kan tara, koren ƙwan lantarki mai nuna caji ya kama. Dakta ya ɗauki hoto shi da keken ya aika wa duniya. Aka sa ranar ƙaddamarwa.

Wata ranar Talata da azahar, rana ta hana sakat, Malam Gali ya shiga bayan keken don ya sha inuwa ya ci ɗanwakensa, keken yana kan faranti yana shan caji. Yana zama, sai ya ga allura ta ɗan sunkuya. Ya sauka, ta miƙe. Ya kira Malam Kashim maigadi ya ce ya zo su ci tare. Suna zama su biyu, allura ta sauko shida.

"Ka ga ko keken ma ya san talaka," in ji Kashim. "Mun shiga ya ɓata rai."

Malam Gali bai yi dariya ba. Ya ajiye kwanon. Akwai buhunan yashi da magina suka bari a bakin gini, ya yi ta jido su ɗaya bayan ɗaya yana lodawa, yana leƙa ƙarƙashi yana auna tazara da yatsunsa. Duk buhun da ya ƙara, sifirin da ke ɗauke da jikin keken ya lotsa, naɗin biyu suka matsi juna, allura ta ƙara faɗuwa. Da ya kai buhu biyar tana kan uku. Ya yage gefen takardar siminti ya rubuta komai da ajami, layi-layi, don shi ne rubutun da hannunsa ya saba da shi.

Ya sami Dakta a ofis da wasu malamai biyu suna zaɓen kalar katin gayyata. Ya tsaya a bakin ƙofa har aka gan shi, ya miƙa takardar da hannu biyu.

Dakta ya ɗaga ta da yatsa biyu. "Wannan fa, Baba? Laya ka rubuto wa keken?"

Malaman suka tuntsire.

"Awo ne, ranka ya daɗe. In an yi wa keken nauyi, yana sauka. In ya sauka, wutar tana raguwa."

"In ya matso kusa wuta ta ragu? To kai in kana jin sanyi, nesa da murhu kake komawa?"

Aka sake dariya. Malam Gali ya jira ta ƙare. Daga nan ya yi maganar da Hajiya Fanna za ta ce ta fi ta shekara guda tsawo.

"Lokacin da nake wurin Oga Boaz, a cikin tsofaffin rediyo akwai wasu 'yan gwangwanaye, kowanne da naɗi biyu a ciki. In mai koyo ya matsa su suka yi kusa da yawa, yana ganin ƙarfi zai ƙara, sai tasha ta tsage. Ka ji Kaduna a nan, ka murɗa gaba ka sake jin Kaduna a can. Tsakiya kuwa, inda ya kamata ta fito, sai shuu kawai. Ina ganin abin da ke damun keken ke nan. Muna kira a tsakiya, su kuma sun rabu gefe da gefe."

Dakta ya jingina da kujera. "Ka ga, Baba, abin da kake lalube a duhu yana da suna, rabuwar mita ake ce masa. Babi guda na rubuta a kansa, Turawa uku suka sa hannu. Kwamfuta ta nuna ba zai faru ba sai tazarar ta koma yatsa uku. Mu ɗani guda muke da shi. Ka gane? In allura ta faɗi, wani wuri ne ya saki a naɗinka, keke na motsawa yana taɓawa. Je ka ɗaure abinka. Kowa ya tsaya a inda Allah ya ajiye shi."

Ya saki takardar ta faɗa kwandon shara. Malama Priskila, da ta shigo karɓar makulli ta ji rabin maganar, ta ce a ba ta yini ɗaya ta bi mitocin da na'ura ta gani.

"Madam, fenti ma ba a gama ba. Bayan taro kya yi wasanki."

Da za ta fita ta sunkuya kamar za ta gyara takalmi, ta ɗauke takardar simintin ta sa a jaka. Malam Gali kuwa ya koma ya bi naɗinsa zagaye-zagaye. Babu abin da ya saki. Ya san babu tun kafin ya duba.

Ana gobe taro, kwamitin tarbar baƙi ya zo duba fili. Suka ce ba zai yiwu a ajiye abin da manya za su ƙaddamar a kan tsurar ƙasa ba, kamar kayan gwanjo. Aka kira kafinta ya buga katako a ƙarƙashin farantin, aka lulluɓe da jan kafet. Farantin ya ƙara tsawon yatsa biyu, tayoyin keke suna nan a ƙasa inda suke. Dakta ya duba ya ce ya yi kyau, hoto zai fito.

Ranar taro aka kafa rumfuna shida. Aka ɗaura manyan lasifika har a kan katangar da ke fuskantar titi, don waɗanda ba a gayyata ba su ma su ji abin da suka rasa. An ce ƙarfe goma, aka fara sha biyu da rabi. Aka yi jawabi bakwai, kowanne ya fara da cewa ba zai tsawaita ba. Malam Gali yana can baya, a tsaye kusa da janareta, sanye da rigarsa ta Juma'a.

Tsarin Dakta shi ne direba kaɗai ya tuƙo keken ya hau faranti. Sai dai a ƙasar nan ba a taɓa yanke ƙyalle a kan abin hawa manya suna tsaye suna kallo ba. Dole a shiga a zauna a yi hoto, in ba haka ba wa zai san ka zo? Shugaban kwaleji ya riƙo hannun wakilin kwamishina ya shigar da shi. Wakili ya ce ai ba zai shiga ya bar Alhaji Babayo ba, shugaban masu keke napep na gari, mutumin da in zai je Kano kujera biyu yake kamawa. Alhaji Babayo ya tattara babbar riga ya shiga, keken ya yi wani nishi da aka ji har rumfa ta uku. Shugaban kwaleji ya matsa ya raɓa. Ɗan mai kwalejin ya ga za a yi babu shi, ya ɗosana kusa da direba. Aka turo keken a hankali, cikinsa na neman shafar kafet.

"Jama'a, a zuba ido a kan koren ƙwai!" in ji mai gabatarwa. "Yau Azare ta riga Legas!"

Dakta ya danna makunni. Allura ta motsa kamar mai jin barci, ta tsaya a kan biyu. Jan ƙwai ya kama.

Ya kashe, ya sake kunnawa. Ja. Masu hoto suka sauke kyamara. Mai gabatarwa ya ce fasaha tana son haƙuri, ya ƙara yi wa wakili kirari. Minti biyar suka wuce, manya huɗu suna cunkushe suna gumi. Alhaji Babayo ya leƙo da kai.

"Dakta, ko mu sauka mu tura ne?"

Fili ya kece da dariya. A cikin dariyar Malam Gali ya ratso ta bayan rumfa, ya zo daf da Dakta ya rage murya.

"Ranka ya daɗe, a ce su sauka. Su sauka kawai, zai kama."

Dakta ya dube shi, ya dubi wakilin kwamishina. Wa zai ce wa baƙon gwamnati ya yi nauyi? Ya miƙa hannu ya kashe na'urar gaba ɗaya, ya ce don tsaron lafiyar manyan baƙi. Saboda haka lokacin da suka firfito, sifirin ya miƙe, keken ya koma tsayinsa, babu wuta a farantin balle wani ya ga abin da allura za ta yi. Daga nan Dakta ya karɓi abin magana.

"Ina ba manyan baƙi haƙuri. Zane lafiya yake, lissafi lafiya yake. Matsalarmu a ƙasar nan ita ce hannun da za ka ba aiki. Mun so mu taimaki na gida, muka ba wani mai gyaran fanka a kasuwa, Malam Gali, naɗin wayar. Tun makon jiya na ce masa akwai inda ya saki. To, kun ga sakamakon ba wanda bai je makaranta ba aikin ilimi."

Lasifikan katanga suka kai maganar titi, inda masu acaɓa suke jiran fasinja. Kafin Malam Gali ya taka da ƙafa ya isa kasuwa, labari ya riga shi, har ya yi 'ya'ya. An ce naɗinsa ya kusa ƙone wakilin kwamishina. An ce dama can sa'a yake ci.

Mutanen da suka shekara talatin suna cewa "Kai wa Gali" ba su nemi ganin komai ba. Dakta ne ya faɗa, a lasifika, a gaban manya, shi ke nan. A makon farko wani mai gidan burodi ya aiko aka ɗauke injinsa. Mai injin markaɗe ya zo ya ce matarsa ce ta matsa ya karɓo nasa, alhali kowa ya san ba ta san hanyar shagon ba. Masu zaman benci a ƙofar shagon suka koma kiran sa Injiniyan Maleshiya. Shi dai yana zaune yana naɗa wata tsohuwar fanka da ba ta da mai ita, leɓe na motsi.

"Kai ba za ka ce komai ba?" in ji Hajiya Fanna. "An yanka ka a tsakar rana kana ƙirga waya?"

"Me zan ce, Hajiya? Ba ni da lasifika."

A kwaleji kuwa, bayan kwana huɗu, Dakta ya ba da umarni a kwance naɗin a aika Kano a sake. Malama Priskila ta ce to, amma tunda taro ya wuce, ai lokacin wasanta ya yi. Ta jona na'urar da ke bin mitoci ɗaya bayan ɗaya tana zana ƙarfin wutar da ta tsallaka a kan gilashi. Ta sa aka cire katakon kwamiti. Ta kira Dakta ta ce ya zo ya gani kafin a kwance.

Keke babu kowa, zanen ya fito tudu guda, dogo, kansa daidai kan mitar da suka saita.

"Ka ga naɗin da ya saki?" ta ce. "Yallaɓai, don Allah ɗan shiga ka zauna."

Ya shiga yana tsaki. Kan tudun ya baje. Ta kira Kashim maigadi ya shiga. Tsakiyar tudun ta lotsa. Ta sa aka ɗora buhun yashi uku, aka mayar da katakon. Dakta ya leƙo yana kallon gilashin, tudu ɗaya ya zama biyu, ɗaya hagu ɗaya dama, tsakaninsu kwari mai zurfi. Layin mitar da na'urarsu ke aikawa a kai ya faɗa tsakiyar kwarin.

Ba wanda ya yi masa bayani. Zanen da ke babinsa ne, wanda Turawa uku suka sa wa hannu.

"Amma kwamfuta ta ce sai yatsa uku," ya ce a hankali.

"Me ka gaya wa kwamfutar? Ka ba ta lissafin naɗin kanti, mai zubar da ƙarfi a hanya. Na auna na Baba Gali, bai zubar da rabin wannan ba. Naɗin da ya yi kyau haka tun daga nesa yake kama ɗan'uwansa, tun daga nesa kuma mitar take tsagewa. Laifinsa ɗaya, ya fi abin da ka zana kyau."

Ta ciro takardar simintin ta miƙa wa Kashim, don ita ba ta karanta ajami. Kashim ya gyara murya kamar mai karanta wasiyya. Babu buhu, tara. Buhu ɗaya, takwas. Biyu, shida. Biyar, uku. Malama Priskila tana nuna lambobin da na'urarta ta fitar, suna tafiya tare kamar an kwafa.

Dakta ya sauko ya kakkaɓe riga. Ya ce gyaran mai sauƙi ne, a ɗaga naɗin keken sama kaɗan, a kuma sa na'urar ta riƙa bin tudun duk inda ya koma. Ya ce ta rubuta rahoto ta ce sashe ya gano musabbabin matsalar.

"Sashe?" in ji ta. "Sashen yana kasuwa, an kwashe masa injuna."

Manya suna da hanyoyinsu na ba da haƙuri ba tare da bakinsu ya sani ba, Dakta kuwa ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Da farko ya aiko direba da shadda yadi goma. Malam Gali ya ce an gode, ya rataye ledar a ƙusa, bai buɗe ba. Bayan kwana biyu aka kawo wasiƙa da Turanci mai hatimi, wai kwaleji tana farin cikin ci gaba da hulɗa da shi. Wani ɗan benci ya fassara masa. Ya ninke ta ya sa a ƙarƙashin ƙafar teburin da ke rawa. Daga nan aka turo Kashim ya ce Dakta yana gaisuwa, yana cewa a manta da abin da ya wuce.

"Ni na manta," in ji Malam Gali. "Kasuwa ce ba ta manta ba."

Ranar kasuwa da hantsi sai ga Dakta da kansa, da katinsa a wuya, yana tsallake kwatami. Aka ba shi benci, ya shimfiɗa hankici ya zauna. Ya gaida Malam Gali, ya tambayi iyali, ya tambayi jiki, ya tambayi zafi, ya koma ya tambayi iyali. Malam Gali yana amsawa da "Lafiya lau" tsakanin ƙirga da ƙirga. Can gefe, wani mai maganin gargajiya ya faka tsohuwar motarsa da lasifika a kan rufi, yana ta lissafa cututtukan da garinsa ke kashewa.

"Wato, Malam Gali," in ji Dakta, yana duban takalminsa, "shi aikin bincike haka yake. Akan samu 'yar rashin fahimta. Mu duka mun ƙaru."

"Allah sarki," in ji Hajiya Fanna daga bakin tukunya. "Shi dai na ga ya ragu. Wataƙila ƙaruwar tana wajenku."

Masu benci suka ƙyalƙyale. Su ne dai waɗanda suka yi mako biyu suna kiran Injiniyan Maleshiya, yanzu sun samu sabon nama.

Ana haka sai ga Malam Zayyad, wani manomin rani daga Gololo, ya tsayar da keke napep a ƙofar shagon. Shekara goma sha ɗaya Malam Gali ke naɗa masa injin rijiya. Ya yi sallama yana kauce wa ido.

"Malam, injin nan nawa zan ɗauka. Ƙanina zai shiga Kano gobe."

"Na gama rabi," in ji Malam Gali.

"Ba komai, a ba ni haka. Ka san albasa ba ta jiran gwaji. Ni ban ce komai ba, masu ilimi ne suka faɗa." Sai idonsa ya faɗa kan katin da ke wuyan mai zaman benci. "Af! Ai ga ma Daktan nan. Ranka ya daɗe, ba kai ka ce naɗinsa yana saki ba? Ina bakin titi ranar, da kunnena na ji."

Malam Gali ya ajiye waya. Ya tashi ya rungumo injin, rabinsa sabuwar tagulla tana ƙyalli, rabinsa ramuka, ya kai bakin ƙofa ya ajiye a gaban mai shi. Bai dubi Dakta ba. Ya koma ya zauna, hannuwansa a kan gwiwa, babu abin naɗawa.

Dakta ya daɗe yana kallon injin. Zaren ya kwanta layi-layi, irin kwanciyar wanda ke ƙarƙashin kekensa.

"Malam, bar injin nan," ya ce da Zayyad, murya ƙasa-ƙasa. "Ba haka abin yake ba. An samu kuskure ne."

"Na'am?"

"Na ce kuskure aka samu."

"Wa ya samu?" in ji Zayyad. "Ni fa, ranka ya daɗe, abin da na ji da ƙarfi na ji shi. Wannan kuwa ko na kai Gololo ba wanda zai yarda."

"Da lasifika ka ɗaura, Dakta, da ita za ka kwance," in ji Hajiya Fanna, ta nuna motar mai magani da ludayi. "Ga irinta can. Ko sai an shimfiɗa jan kafet?"

Har mai walda na layin ya ɗaga gilashin fuskarsa. Dakta ya miƙe. Wasu suka ɗauka motarsa zai nufa, wani har ya fara cewa a gaida Maleshiya. Sai ya cire katin daga wuya ya sa a aljihu, ya tsallaka kwatamin, ya tsaya a gaban mai maganin, wanda ke tsakiyar bayanin basir mai tsiro. Suka yi 'yar magana. Mai maganin ya dube shi sama da ƙasa, ya goge abin maganar a hannun riga ya miƙa masa.

Lasifikar ta yi ƙara, ta yi shiru. Masu kayan miya suka juyo.

"Jama'a, sunana Najmuddeen, ni ne na keken kwaleji. Abin da na faɗa a kan Malam Gali ranar taro ba gaskiya ba ne. Naɗinsa bai saki ba, an auna, ya fi wanda na zana kyau. Tun kafin taron ya zo ya gaya mini abin da zai faru, ya rubuto mini, na yi masa dariya na jefar. Ranar ma ya ce a sauke mutane keken zai kama, na kashe na'urar don kada a gani. Laifina ne, ba nasa ba."

Ya juyo ya fuskanci shagon da ba shi da allo.

"Baba Gali, na zalunce ka a gaban mutane. Don Allah ka yafe mini."